Kano Pillars da Jigawa Golden Stars: Hamayyar da Ba Ta Samu Fili Ba

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta ajiye hedikwatarta a Dutse. Shekara guda kafin nan, a 1990, aka haɗe ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa uku na birnin Kano, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka tayar da Kano Pillars, daidai shekarar da Najeriya ta soma gasar ƙwararru. Ke nan lokacin da aka kafa Pillars, mutumin Dutse da na Birnin Kudu da na Jahun duk 'yan Jihar Kano ne, ƙungiyar kuma ta jiharsu ce. Da aka zo rabon jiha an raba ma'aikata, an raba motoci da takardun ofis, amma babu kwamitin da ya zauna ya raba magoya baya.

Masu sharhin wasanni sun saba kiran duk wata karawa tsakanin Pillars da Jigawa Golden Stars wasan hamayya, saboda maƙwabtaka da kuma tarihin rabuwar jihohin biyu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne an yi gaggawar ba ta wannan matsayi. Kayan haɗin hamayya suna nan, amma har yau ba ta ƙullu ba. Dalilin kuwa ba ƙarancin kishi ba ne daga 'yan Jigawa, kamar yadda wasu ke zargi, ba kuma ƙarfin Pillars kaɗai ba ne. Abu biyu ne suka hana ta tsayuwa: tun daga 2012 ƙungiyar Dutse ba ta karɓi baƙuncin abokiyar karawarta a Dutse a wasan babbar gasa ba, kuma ba ta daɗe a babban rukuni yadda za a saba haɗuwa ba.

Abin da ke ƙulla hamayya

Duk inda aka ga garuruwa biyu sun daɗe suna adawa a filin ƙwallo, idan aka tona za a tarar adawar ta girmi ƙwallon. A Ingila, 'yan kasuwar Manchester sun gaji da kuɗin da tashar jiragen ruwan Liverpool ke karɓa a kan kayansu, suka haƙa wa kansu hanyar ruwa da aka buɗe a 1894, jirage suka riƙa wuce Liverpool kai tsaye. Ƙwallo ta zo ta tarar da wannan tsamin dangantaka ne, ta ba shi wurin fitowa duk shekara. A Ghana, Hearts of Oak ta Accra da aka kafa a 1911 da Asante Kotoko ta Kumasi da aka kafa a 1935 suna ɗauke da tsohuwar takarar da ke tsakanin bakin teku da masarautar Asante. A nan gida, lokacin da Rangers ta Enugu da IICC Shooting Stars ta Ibadan suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1977, shekara bakwai kacal da gama yaƙin basasa, zafin abin ya kai gwamnatin soja ta ɗauke wasa na biyu zuwa Kaduna, inda Rangers ta wuce da bugun fenariti.

Sai dai tsohon tarihi shi kaɗai ba ya isa. Garuruwa nawa ne suka yi yaƙi a dā, amma yau ƙungiyoyinsu ke haɗuwa babu wanda ya damu? Abin da ke mayar da tarihi hamayya mai rai shi ne maimaici. A haɗu bana, a haɗu baɗi, sau ɗaya a gidanka sau ɗaya a gidana, har a tara labarai: shekarar da alƙalin wasa ya hana ƙwallon da kowa ya ga ta shiga, ranar da aka ci mu ana dab da tashi, ɗan wasan da ya bar mu ya koma wajensu. Uba ya ba ɗansa waɗannan labarai, ɗan ya je fili ya ƙaro nasa. In babu wannan tarin, abin da ake da shi maƙwabtaka ce kurum.

A ƙasar Hausa, inda sharuɗɗan suka fi cika shi ne tsakanin Kano da Katsina. Tarihin Kano ya kawo yaƙe-yaƙen da biranen biyu suka yi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har zuwa sulhun da aka ƙulla a tsakiyar ƙarni na 17, ga kuma takarar kasuwa da ta malanta da ta biyo baya. Katsina United na da filin Muhammadu Dikko, wanda jama'a suka fi sani da Karkanda, Pillars na da filin Sani Abacha a Ƙofar Mata. Tun da Katsina United ta dawo babban rukuni a kakar 2017 suke haɗuwa a kai a kai. Ko faɗuwa ma tare suka yi: duka biyun sun sauka rukuni na biyu a 2022, suka dawo tare a 2023. Bakatsine ya san ranar da Kanawa za su zo garinsa, ya kuma san abin da zai tarar ranar da zai je nasu.

Dutse a inuwar Kano

Jigawa ta tsakiya ba ta rasa nata tarihin da Kano ba, amma irinsa daban ne. Haɗeja da Gumel da Kazaure masarautu ne masu cin gashin kansu tun kafin zuwan Turawa. Haɗeja ma, a zamanin Sarki Buhari cikin shekarun 1850, ta bijire wa Sakkwato ta kuma addabi gabashin ƙasar Kano, sannan a 1906 ta tari sojojin Ingila da yaƙi. Dutse da Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun da Gwaram kuwa a dā gundumomi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse zuwa masarauta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, sai daga baya ta sake samun matsayinta. Wato yankin da aka ɗora wa riƙon hedikwatar sabuwar jiha shi ne yankin da ya fi kowanne cuɗanya da Kano ta fuskar sarauta da aure da fatauci.

Duk wanda ya san Dutse a shekarun farko ya san yadda garin kan yi tsit daga yammacin Juma'a. Ma'aikata da yawa iyalansu na Kano, sai su bi hanyar Wudil su tafi, ba a sake ganinsu sai safiyar Litinin. Wasannin gasa kuwa galibi ƙarshen mako ake buga su. Mutumin da ke da albashin sayen tikiti, a ranar wasa yana Kano, filin da ya fi kusa da shi na Ƙofar Mata ne. Gine-ginen zamanin Gwamna Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, da buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 sun sauya fuskar garin, sun kuma zaunar da mutane da dama. Amma waɗannan shekaru su ne kuma shekarun da tauraron Pillars ya fi haskawa. Ta ɗauki kofin gasa a 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta sake ɗaukar kofin gasa sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 zuwa Agustan 2015 ba a ci ta a gida a wasan gasa ba, sai da Nasarawa United ta zo ta karya tarihin. Yaron Dutse da ya tashi a Takur ko Limawa a wannan tsakani, in ana maganar ƙwallon gida, sunan Rabi'u Ali Pele da Gambo Muhammad da Ahmed Musa yake ji. In ya ce "Sai Masu Gida", kirarin Pillars, bai ci amanar kowa ba, abin da ya tarar ke nan.

Kaka uku, babu ɗaya a Dutse

Yanzu a duba lissafin haɗuwar kanta. Daga 2012 zuwa 2025, kaka uku kacal ƙungiyoyin biyu suka zauna tare a babban rukuni. Ta farko ita ce ta 2012. Golden Stars ta hau, ta yi wasanninta na gida a Haɗeja, a ƙarshen kaka Pillars ta ɗaga kofi ita kuma ta sauka. Sai da aka shekara bakwai kafin ta dawo, a 2019, tare da Adamawa United da Warri Wolves da ƙungiyar da aka sani da Dakkada. A wannan karon ba a samu filin da masu gudanar da gasar suka amince da shi a jihar ba, sai ta mayar da filin Sani Abacha gidanta. Annobar korona ta tsayar da kakar a watan Maris na 2020. A kaka ta gaba, filin Kano ɗin ma bai samu ba, ƙungiyoyin biyu suka koma filin Ahmadu Bello na Kaduna, akasarin wasannin kuma babu 'yan kallo saboda dokar annoba. A 2021 Golden Stars ta sake sauka, kuma har kakar 2025/26 ba ta dawo ba.

A tsaya a kan kakar 2019/20, domin a nan maganar take. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunan jihar da ta rabu da Kano don ta tsaya da ƙafarta, ta koma tana karɓar baƙi a tsakiyar birnin Kano, a ɗakin sauya kayan abokiyar hamayyarta, a gaban 'yan kallon da mafi yawansu rigar Pillars ce a zuciyarsu. Ɗan haya ba ya ɗaga wa mai gida murya. Magoyin bayan da ke Dutse, in yana son ganin ƙungiyarsa a "gida", sai ya biya kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, ya kashe yini guda. Na Gwaram ko Buji kuwa ba a magana. Ɗan makarantar da ya kamata ya laɓe a bakin ƙofa har wani babba ya ja hannunsa ya shigar da shi, wanda ta haka ake yin magoyin baya na har abada, bai taɓa samun wannan dama ba. Kuma ga al'adar gasar Najeriya, inda nasarar gida ke riƙe ƙungiya, wanda ba shi da gida na gaskiya ya fara kaka da rauni tun kafin a busa usur. An yi ta neman fili bayan an riga an hau rukuni, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma batun mallaka. Kamar yawancin ƙungiyoyin gasar, Golden Stars ta gwamnatin jiha ce. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar laƙabin da 'yan jarida ke kiranta da shi na gwamnan ne, ba na gari ko na jama'a ba. Ba laifin mutum ɗaya ba ne, haka tsarin yake a jihohi da dama, amma illarsa a fili take: ƙungiyar da ake dangantawa da mai mulki, rabin jama'a na kallonta da idon siyasa, in mulki ya sauya kuma sai a sake lale. Pillars ma ta gwamnati ce, sai dai ta riga ta shiga jinin gari, ta gaji magoya bayan da Raccah Rovers ta tara tun lokacin da ta ɗauki kofin gasa a 1978, har ba gwamnan da zai iya cewa tasa ce shi kaɗai.

Inda kishin ya koma

Wanda ke cewa Dutsawa ba su damu da ƙwallo ba, ya leƙa gidan kallo daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona. Tun la'asar an rubuta wasan da alli a allon bakin ƙofa. Kafin a take, bencina sun cika, masu tsayuwa sun jingina da langa-langa, janareto na ruri a baya, mai shayi da mai tsire sun matso da teburansu. Ɗaki ɗaya ne amma ya rabu biyu ba tare da kowa ya raba shi ba. Da ƙwallo ta shiga raga sai rabin ɗakin ya tashi tsaye, wani matashi ya juya wajen dattijon da ke bayansa ya ce, "Baba, yau fa sai haƙuri," shi kuma ya amsa, "Zauna yaro, ba a tashi ba tukuna." Washegari a kasuwar Shuwarin ko a bakin sakatariya, wanda aka ci ba ya sakewa. Sun san shekarar da aka yi wa wane biyar babu ko ɗaya, sun san wanda ya bar wannan ƙungiya ya koma waccan. Duk abin da aka lissafa a sama, na maimaici da tarin labarai, yana nan cif, sai dai a kan garuruwa biyu na Sifaniya da yawancin masu musun ba za su taɓa takawa ba.

Ba talabijin ce ta ƙwace waɗannan matasa ba. Gidan kallo ya ba su abin da ƙungiyar jiharsu ba ta ba su ba, wato tabbacin cewa wasan zai zo a lokacinsa, a wurin da suka sani, bana da baɗi. Kano ma cike take da gidajen kallo, amma hakan bai hana filin Ƙofar Mata cika ba ranar da Pillars ke gida.

Za a iya cewa Jigawa ƙarama ce, ba ta da kuɗin Kano. Gaskiya ne ƙidayar 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, Jigawa miliyan 4.3. To amma a ranar da aka ƙirƙiri Jigawa aka ƙirƙiri Jihar Abiya daga Imo, kuma a ƙidayar nan Abiya ba ta kai miliyan 3 ba. Enyimba ta Aba, wadda ita ma gwamnatin jiha ke riƙe da ita, ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau tara, kuma karawarta da Heartland ta Owerri, babban birnin jihar da aka yanke ta daga ciki, hamayya ce da ba mai musu a kanta. Dole a yi adalci a nan: Abiya ta gaji ƙungiyar da aka kafa tun 1976, ta gaji birnin kasuwanci mai cike da jama'a, Jigawa kuwa daga tushe ta fara. Duk da haka abin da ya ɗaga Enyimba ba asiri ba ne. Filinta na tsakiyar Aba, kuma Felix Anyansi-Agwu ya shugabance ta sama da shekara ashirin, gwamnoni na zuwa suna wucewa. Mallakar gwamnati ba ita ce cutar ba, in dai an bar ƙungiya ta zauna wuri ɗaya a hannu ɗaya har ta yi saiwa.

Tsoron rikici

Hujja mafi nauyi da za a kawo a kan wannan maƙala ita ce: me za a yi da hamayya, tunda an ga abin da take haifarwa? A watan Afrilun 2022, a wasan farko da Pillars ta dawo Kano bayan zaman Kaduna, an tashi wasanta da Katsina United ba a ƙarasa ba, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9, ta kore ta zuwa Abuja, kuma wannan hukunci na cikin abin da ya kai ta ga faɗuwa a ƙarshen kakar. A Accra, ranar 9 ga Mayu, 2001, fiye da mutum 120 suka mutu a wasan Hearts da Kotoko. Mai hankali ba zai yi wa Dutse fatan irin wannan ba.

Amma a duba da kyau. A 2019, a filin Agege na Legas, magoya baya sun kutsa fili bayan kunnen dokin Pillars da Rangers, har aka dakatar da Rabi'u Ali wasa goma sha biyu. A Yunin 2022 an sake samun hatsaniya a wasan Pillars da Dakkada ta Uyo, ƙungiyar da ba ta da wani tsohon tarihi da Kano. Abin da ya haɗa waɗannan duka ba adawar garuruwa ba ce. Imani ne da ya kafu cewa wasan gida dole a ci shi, da rashin yarda da alƙalan wasa, da sakacin tsaro. A Accra ma, barkonon tsohuwar da 'yan sanda suka harba cikin taro da ƙofofin da ke rufe su suka jawo turmutsutsun. Filin da ba a tsare shi ba zai yi rikici ko da baƙon daga ina yake.

Bahaushe kuwa ba baƙo ba ne wajen adawa mai ƙa'ida. Tsakanin Kanawa da Zazzagawa, ko Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, akwai wasan barkwanci da ke ba mutum damar faɗa wa abokin wasansa magana mai zafi, ba kuma a yarda a yi fushi ba. A gidan dambe ana raba 'yan wasa Kudu da Arewa da Guramada, a yi kirari, a yi kisa, a tashi a ci abinci tare. Tsakanin Dutse da Kano, inda da wuya ka samu gidan da ba shi da ɗan'uwa a ɗaya ɓangaren, irin wannan hamayya ce za ta fi saurin kama ƙasa, kuma ita ce mai kawo ciniki: motocin haya cike daga Kano, masauƙai da masu abinci da masu sayar da riguna duk su samu.

Lokaci kuma ba ya jira. A 2025 Barau FC ta hau babban rukuni, Kano ta samu ƙungiyoyi biyu a ciki. In aka ɗauki wasu shekaru a haka, Bakano zai samu abokin hamayya a cikin garinsa, ga Katsina a gefe, ba zai ƙara tuna akwai wata ƙungiya a gabas da Wudil ba.

Saboda haka kira ga gwamnatin Jihar Jigawa da hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar da attajiran yankin bai wuce uku ba, kuma a jere suke. A fara da fili a Dutse wanda ya cika sharuɗɗan gasa, da ciyawa da shinge da ƙofofin fita, a gama shi tun ƙungiyar na rukuni na biyu. A ba ta shugabancin da wa'adinsa bai rataya a kan zaɓe ba, a buɗe rajistar magoya baya mai katin shekara a Dutse da Birnin Kudu da Jahun da Haɗeja, domin jama'a su sa kuɗinsu su kuma samu bakin magana. Sannan, tunda wasan sada zumunci ba ya buƙatar sai an hau rukuni, a nemi Kano Pillars ta riƙa zuwa Dutse duk ranar 27 ga Agusta, Golden Stars ta rama ziyara a Ƙofar Mata kafin a shiga kaka.